Sunayen da ke Bangon Hasumiya

Akwai wata tsohuwa a ƙauyenmu na masunta da ke gaɓar tekun Nova Scotia a ƙasar Kanada, sunanta Verna Surette. Shekara talatin ita ke riƙe da makullin 'yar hasumiyar fitilar da ke nuna wa jiragen ruwa hanyar shigowa.

Al'adarmu ce, duk wanda teku ta ci, iyalinsa su hau matakalar hasumiyar su rubuta sunansa a bango da fensir. Yawancinsu ba su da kabari, sunan nan ne kawai. Har da na mijin Verna.

Kwatsam aka naɗa wani Garth Pemberton shugaban kwamitin kula da wurin. Baƙon jiya-jiya daga birni, sai iyayi. Wai masu yawon buɗe ido na tafe, a shafe "ƙazantar nan" da farin fenti. Ƙazanta fa! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ran Litinin da safe ya iso da masu fenti uku, duk 'yan gari. Suka tarar da Verna zaune daram a kan matakala, da kofin shayinta.

Ya ce, "Iya, matsa mana. Ga takardar kwamiti."

"Takardar taka ta taɓa shiga teku?"

"Kada ki sa in kira 'yan sanda."

"Kira su mana! Amma fenti ba zai taɓa suna ba sai ka karanta shi da bakinka, kowa ya ji. Ka karanta, ka shafe. Ni zan riƙe maka bokiti."

Garth ya yi dariya. "Shi ke nan?" Ya ɗaga murya: "Leandre Comeau."

Alcide, babban mai fenti, ya ajiye burushinsa. "Babana ke nan," in ji shi.

Garth ya dake. "Basil Nickerson."

Mai fenti na biyu ya cire hula ya fita, yayansa ne. Na uku bai ma jira a zo kan nasa ba.

"Kai, ku dawo! Aiki na ɗauke ku!"

Alcide ya waiwayo. "Yallaɓai, ai kai ma kana da hannu."

Garth ya ɗauki burushin, ya tsaya ƙiƙam, fenti na ɗiga a kan takalminsa.

Verna ta kurɓi shayi. "Ci gaba mana, ɗan nan. Saura suna sittin da ɗaya."

Garth ya ajiye burushin. Da kansa ya rufe bokitin ya kinkima ya fita.

Darasi: Muƙami ba ya ba ka ikon shafe abin da ba ka san zafinsa ba. In kana kan gaskiya, tsaya ƙyam ko da kai kaɗai ne. Ku tura wa wasu su karanta.