Jan-Ƙugu da Ɗakin Manya

An yi wani mutum a bayan kasuwar garinmu, Malam Nomau, wanda ba shi da abin so irin tsuntsaye. Ya kewaye gindin mangwaron tsakar gidansa da waya, ya yi ƙaton kejin da mutum zai shiga a tsaye.

A ciki akwai Kurciya da mijinta. Ita baiwar Allah ce mai haƙuri, ko taka ta ka yi ita za ta ce maka sannu. Akwai kuma Salwa, 'yar dunƙulalliya, ba ta hawa sama, kullum tana ƙasa tana tono, amma duk abin da ake yi a gidan a kan idonta ake yi. Sauran kanari ne masu surutu.

Ran wata Laraba sai Malam ya shigo da baƙo. Wani ɗan aku ne, kore shar, daidai ƙugunsa kuma ja zur kamar an barbaɗa masa garin barkono.

Kurciya ta ce, "Maraba da baƙo. Ya hanya?"

Gogan naku juya mata baya ya yi, ya buɗe fukafukai. "Kin ga wannan? Sunana Jan-Ƙugu. Kakannina daga bayan teku suka zo, a jirgin sama. A cikinku wa ke da irinsa?"

Salwa ta ɗago kai daga ƙasa. "To, mun gaisa da bayan. In fuskar ta samu sarari, a ce muna gaishe ta."

Kanari suka fashe da dariya. Jan-Ƙugu ya harari kowa, ya tashi fir ya haye sama.

Malam ya rataya ƙwarya uku a kejin don masu son yin sheƙa. Kafin la'asar Jan-Ƙugu ya kama dukkansu. Ya ce ta farko ta barci ce, ta biyu ta hutun rana, ta ukun kuma ta baƙi ce, ko wani zai zo daga ƙasarsu. Kaskon gero ma sai ya ci ya ƙoshi, ya yi tsalle a ciki, sannan saura su tsinci abin da ya watsar.

Ga Kurciya kuwa ƙwai ya sauko mata, ko gobe ko jibi. Mijinta ba abin da ya iya sai guɗa da kaɗa kai. Sai ta je da kanta.

"Don Allah Malam Jan-Ƙugu, ara mini ta baƙin nan. Kwana kaɗan ne."

"In baƙona ya zo fa? A kan ƙwanki zai kwana?"

"In na saka a ƙasa ɓera zai shanye. Bara ma haka aka yi mini."

"To ki je ki roƙi ɓeran mana!" Ya kai mata sara a ka, ya fige gashi uku.

Malam da ya zo shara ya ga gashi a ƙasa, ya ce, "Oh, sauyin gashi ya zo da wuri bana." Ya share ya tafi abinsa.

Kurciya ta sauko gefen Salwa tana hawaye. Salwa ta ce, "Yaya, share idonki. Da baki ba ma iya masa, da fiffike ba ma iya masa. Amma ni na san Malam, shi kuwa bai san shi ba."

To, ga abin da Salwa ta sani. Malam Nomau yana da al'ada guda. Duk tsuntsun da ya gani a ƙasa ya kumbura gashi, ya lumshe ido, ya ƙi cin abinci, ba ya tambayar kowa. Kama shi yake yi ya kai ɗan kejin jinya a rumfa, ya ɗura masa jiƙon ganyen darbejiya safe da yamma har kwana bakwai. Salwa ta taɓa shiga sau ɗaya. Har yau in ta ga koren ganye sai ta tofar da yawu.

Washegari da hantsi Jan-Ƙugu ya sauko kan kasko. Salwa ta matso kusa da kanari, ta rage murya daidai yadda zai ji.

"Ni abin da ke ba ni mamaki, babba kamar wannan, a ce har yau ba a kai shi Ɗakin Manya ba."

Jan-Ƙugu ya tsaya da ƙwayar gero a baki. "Ke 'yar ƙasa, wane ɗaki?"

"Af! Ranka ya daɗe, ashe kana ji? Ba komai, suɓutar baki ce."

"Faɗi, ko in fige ki!"

Salwa ta nuna rumfa da baki. "Ka hango wancan da aka lulluɓe da buhu? Ɗakin Manya ke nan. Tsuntsu ɗaya tak ke zama. Kaskonsa daban, ruwansa daban. Malam da hannunsa yake ba shi sha, a baki, har yana lallashi. Wallahi ban ƙara ko kalma ɗaya ba."

Kuma fa ba ta ƙara ba. Ragewa ta yi.

"Me ya sa ba a kai ni ba?"

"Ai Malam sai ya ga alamar girma. Kai kuwa, ka yi haƙuri, kana cin gero hannu baka hannu ƙwarya kamar mu. Babba ba ya rawar jiki. Ƙasa yake sauka, ya kumbura gashi don a ga cikarsa, ya lumshe ido kamar duniya ba ta dame shi ba. Abincin talakawa kuwa ko kallo."

"Wannan ai halina ne tun asali," in ji Jan-Ƙugu. Ya tofar da ƙwayar geron.

Nan take ya samu kusurwa ya kumbura kamar ƙosai a mai. Yunwa na cinsa, amma ya daure. Can ya buɗe ido ɗaya. "Ya yi haka?"

"Saura kaɗan. Ɗan saki fiffike ɗaya. Yawwa! Kai, ka ga sarauta!"

Da azahar Malam ya leƙo, ya riƙe baki. "Subhanallahi! Baƙon nawa!" Ya shigo a guje, ya ɗauke shi cak a tafin hannu, yana hura masa iska.

Jan-Ƙugu ya leƙo ta tsakanin yatsun Malam. "Sai wata rana, talakawa! Kada wanda ya taɓa mini ƙwarya!"

Ko minti biyar ba a yi ba, sai aka ji ƙara daga rumfa. "Kiiik! Wayyo! Mene ne wannan?"

"Haɗiye, haɗiye, ɗan albarka," in ji Malam. "Ɗacin shi ne maganin."

A ranar Kurciya ta haye ƙwaryar baƙi, ta jera tsinke, washegari ta saka ƙwanta fari tas. Jibi ta ƙara na biyu.

Shi kuwa Jan-Ƙugu ya gane in bai nuna lafiyarsa ƙalau ba, darbejiya za ta kashe shi. Ya cinye gero tas, ya yi tsalle, ya yi fito, ya yi ta lilo da kai ƙasa. Malam ya yi murna ƙwarai. "Ka ga aikin magani! Bari in ƙara masa kwana uku ya warke sarai."

Cikin kwana goman nan Malam ya lura da wani abu. Yana shara ba ya ganin gashi. Kanari sun dawo da waƙa, kan Kurciya ya fara tsiro. Ya tsaya da tsintsiya a hannu, ya dubi keji, ya dubi rumfa, ya ce, "Au! Ashe kai ne sauyin gashin!"

Sai ya sa waya ya raba wani lungu na kejin, ya rataya ƙwarya ɗaya, ya saki Jan-Ƙugu a ciki shi kaɗai. Yana ganin kowa, bakinsa ba ya kaiwa ga kowa.

Ranar da 'ya'yan Kurciya suka ƙyanƙyashe, Salwa ta zo jikin wayar tana rausaya.

"Ranka ya daɗe, barka da sauka. Ya Ɗakin Manya?"

Jan-Ƙugu ya haɗiye yawu, har yanzu ɗaci yake ji. Ya dubi kanari, duk sun zuba masa ido. Ya gyara tsayuwa.

"Da daɗi mana. Ba dai irin daɗin da talaka zai gane ba ne."

"Haka ne," in ji Salwa. "Ga Malam can ma yana tsinkar ganye. In ce masa kana son komawa?"

Kafin ta rufe baki, Jan-Ƙugu ya faɗa cikin ƙwarya, ko wutsiyarsa ba a gani.

Darasin wannan labari shi ne, yara, in an haɗa ku wuri ɗaya da wasu, ku ɗauki ƙwarya ɗaya ku bar wa saura nasu. Mai son a ce ya fi kowa ba ya wuyar kamawa, da ƙafarsa yake zuwa. Kuma in ƙaramin da kuka zalunta jiya ya zo yau yana ce muku ranka ya daɗe, ku tambayi abin da ake sha a ɗakin kafin ku kumbura.