Badaru da Rijiya Mai Zartsi

Akwai wani manomi a gefen Dutsi, Badaru, wanda a shekarun da aka fara shari'a ya sayar da shanun huɗarsa ya haƙa rijiya a gonar da ya gada, wai zai yi noman rani.

Ruwa ya fito, amma mai zartsi. Tumatir ya ƙone, albasa ta bi shi. Abin haushi, wani ɗan itace da ko sunansa bai sani ba, mai ƙananan furanni kamar na shuwaka, shi ne ya cika bakin rijiyar yana ta sheƙi.

Rumbu ya ƙare. Matarsa Hussaina ta koma dafa rama ba ƙuli. Ranar da ƙaramar 'yarsu ta yi kukan yunwa har muryarta ta dishe, Badaru ya ce gonar nan sai dai a sayar. Mai saye kuma ya ce sai an share ta tas.

Badaru ya tara kara a gindin itacen, ya ciro ashana. Sai ga tsoho Nagoggo, mai kiwon zuma, yana haki.

"Ɗana, don girman Allah kada ka ƙona! Duk ranin nan furen nan kaɗai ƙudan zumana ke samu. In ya tafi, su ma sun tafi."

"Baba, 'ya'yana ba su ci ba, kai kana maganar ƙwari?"

Sai tsohon ya fara hawaye. Badaru ya daɗe a tsaye, zuciyarsa na tafasa. Can ya mayar da ashanar aljihu. Ciniki ya watse, ya koma gida hannu rabbana, kunyar Hussaina kamar ta kashe shi.

Washegari Nagoggo ya kawo rabin buhun gero da amya huɗu, ya rataye amyoyin zuman a wani gawo da ke gonar.

"Naka ne. Zan koya maka."

Kafin damina ta faɗi, Badaru ya kai zumarsa ta farko kasuwar Daura. Da mai sayen gonar ya dawo da ƙarin tayi, Badaru ya ce masa, "Alhaji, ka makara. Yanzu da masu haya a ciki, kuma suna harbi."

Darasi: Ko kana cikin tsanani, kada ka rushe abin da wani yake rayuwa da shi, wataƙila nan Allah Ya ajiye naka rabon. Tura wa wanda ya kusa fid da rai.