Jakar Mubarak Da Ta Ammar A Hanyar Galadi

Akwai wani saurayi a Shinkafi, Mubarak, sabon malamin dabbobi. Tambayarsa ta yi yawa har abokan aiki suka gaji da shi.

Daminar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ciwon huhu ya shiga shanun rugagen bayan Galadi. Aka tura shi rigakafi tare da abokin aikinsa Ammar, da Baba Tambari, tsohon ɗan farauta mai nuna hanya. Babur ba ya shiga saboda ruwa, sai ƙafa, yini guda.

Ammar ya sayo ƙatuwar jakar goyo a kasuwar gwanjon garin Ƙaura, mai aljihu goma sha biyu. Mubarak kuwa ya tsuguna gaban tsohuwar jakar Baba Tambari yana jujjuya ta.

"Baba, don mi ka zaɓi ƙarama?"

"Babbar jaka kwaɗayi gare ta, ɗana. Sai ka cika ta."

"To wagga igiya ta ƙugu fa?"

"Ƙugu ka ɗaukar kaya, kafaɗa rakiya takai."

Mubarak bai bar shi ya huta ba. Ina ake sa mai nauyi? Jikin baya. Ashana da tocila? Cikin leda. Gorar ruwa? Inda hannu zai kai.

Ammar ya yi dariya. "Kai da takardar shaidarka, mafarauci zai koya maka zuba kaya?"

Mubarak ya ji kunya, amma ya sayi 'yar madaidaiciyar jaka. Suka raba maganin rigakafin gida biyu, kowa ya sa nasa cikin kwalbar sanyi mai hana shi lalacewa. Mubarak ya sa tasa kwalbar tsakiyar jaka, ya kewaye ta da tufafi. Ammar ya cusa rediyo, takalma biyu da bargo. Wuri ya ƙare, sai ya rataye tasa kwalbar a waje.

Bayan azahar suka iso wani rafi, ruwa iya ƙirji. Baba Tambari da Mubarak suka kwance igiyar ƙugu, suka ɗora jaka a ka. Ta Ammar ta ƙi ɗaguwa, ya shiga da ita a baya. Tsakiyar ruwa ta rinjaye shi. Da ƙyar Mubarak ya cafko wuyan rigarsa. Kwalbar kam ruwa ya tafi da ita.

A ruga aka yi wa shanu allura har maganin ya ƙare. Layi ya tsaya daidai kan wata tsohuwa, Inna Balaraba, riƙe da shanunta biyu.

"Su ke nan gare ni," ta ce. "Nawa ba su samu?"

Ammar ya kasa duban idonta. Can ya ce, "Inna, jibi za su samu, in sha Allahu. Ni zan koma Shinkafi in ɗauko wani maganin."

Ya juya wajen Mubarak, murya ƙasa-ƙasa. "Ara mani jakarka. Kuma ka nuna mani yadda ake shirya ta."

Jibin, kafin la'asar, aka yi wa shanun Inna Balaraba allura.

Darasi: Matambayi ba ya ɓata, girman kai kuwa kaya ne mai kayar da mai shi. Kada ka raina ilimi don ganin wanda ke riƙe da shi. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su amfana.