Magajin da Bai Zo Sakkwato Ba

Alhaji Abdulwahabu ɗan kwangila ne a birnin Sakkwato. Ya yi arziki tun lokacin da kuɗin man fetur ya bunƙasa, har ya bar gidansu na Ƙofar Taramniya ya gina bene a Minanata. Mutum ne mai kyauta da ƙwazo, amma girman kai ya yi masa katutu. Sau biyu yana aure, sau biyu yana saki, ba don komai ba sai don matan sun ba shi shawara. Daga nan ya ce babu macen da za ta ƙara zama a gidansa.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat: ba shi da magaji. Wata shekara, soja na kan mulki, ya je ƙasar Turawa sayen injuna. A can wani likita ya gaya masa cewa yanzu namiji yana iya samun ɗa ba tare da aure ba. Wata mace za ta ba da ƙwai, a haɗa da nasa iri, a dasa a mahaifar wata macen daban, ta haifa ta miƙa masa.

Ya dawo yana taƙama. Ya tarar da mahaifiyarsa, Inna Iyatu, tare da yayansa Malam Maccido, ya zayyana musu komai.

Malam Maccido ya ce, "Abdu, wanga al'amari ba ya da kyau. Ɗa da aure aka samunai. In ya girma yat tambayi uwatai, wace za ka nuna mai?"

"Yaya, ni zan zama uwa, ni zan zama uba. Mi na rasa?"

Inna ta girgiza kai ta ce, "Ɗana, ban san ilimin likita ba. Amma macen da ɗa ya motsa cikinta ba ta mance shi."

Ya yi dariya ya ce an riga an yi yarjejeniya. Duk majalisar da ya zauna sai ya yi shelar cewa shi ne zai fara kawo wannan ci gaba Sakkwato. Da aka sanar da shi ciki ya tsufa, ya sa aka yi wa ɗaki fenti, ya sayi raguna, ya gayyaci rabin gari suna, sannan ya hau jirgi.

Matar da ta ɗauki cikin ta haifi namiji. Aka miƙa wa Abdulwahabu jaririn, ya ga goshinsa da hancinsa irin nasa sak. Ya yi masa huɗuba da suna Lawwali. Bai taɓa son wani abu a duniya kamar yaron nan ba.

Da ya koma asibiti ɗaukarsa ranar sallama, sai ya tarar matar ta rungume shi tana kuka. Ta ce ta fasa, ba za ta iya rabuwa da shi ba. Abdulwahabu ya daka mata tsawa a gaban ma'aikatan asibiti, ya ce ita hayarta kawai aka yi. Da rigimar ta kai kotu, wannan magana ce aka maimaita. Alƙali ya ce a dokar ƙasarsu wadda ta haifa ita ce uwa, kuma yaron ba zai bar ƙasar ba.

Ya dawo Sakkwato hannu rabbana. Mutane suka zo barka, suka tarar da ƙofa a rufe. Bayan kwanaki ya je Ƙofar Taramniya, ya durƙusa gaban Inna, ya kasa ɗaga kai.

"Inna, ina da ɗa a duniya. Ba zai ji Hausa ba, ba zai san ki ba."

Ba ta yi masa gori ba. Ta dafa kansa ta ce, "Tashi mu yi mai addu'a. Ita kaɗai ka isa inda yake."

Darasin wannan labari shi ne, mai girman kai yakan ɗauka dukiya za ta raba shi da buƙatar mutane. Ɗa ba kaya ba ne da ake saye, uwa kuma ba ma'aikaciya ba ce da ake sallama. Wanda yake son zuri'a, ya fara koyon zama da mutane da jin shawarar manya, domin abin da girman kai ya ɓata, wani lokaci nadama ba ta gyara shi.