Giwa Mai Yagaggen Kunne

Akwai wani dattijo da ya yi shekara talatin da ɗaya yana gadin wani ƙaramin gandun namun daji, wanda ko direbobin tasha ba kowa ya san hanyarsa ba. Da wannan aikin ya ɗauki nauyin karatun ɗansa har ya zama injiniya.

Bayan ya yi ritaya sai idanunsa suka fara dusashewa. Likita ya ce ganin ba zai daɗe ba.

Wata rana ya kira ɗan ya ce, "Ka kai ni gandun nan sau ɗaya tak. Akwai wata giwa mai yagaggen kunne, ni na ciro ta daga tarkon mafarauta tana jaririya. Ina son in gan ta kafin fitilar ta mutu."

Injiniya ya yi dariya. "Haba Baba! Wannan dajin da ba hanyar kirki, ba otal? Ka bari in samu sarari, in kai ka babban gandu a jirgi."

"Ni can ban san kowa ba."

"To, bayan damina."

Damina ta wuce, wata ta sake wucewa. A tsakani Injiniya ya kai matarsa hutu har sau biyu. Tsoho bai ƙara tayar da maganar ba.

Sai da abokan aikin Injiniya suka je gandun, suka dawo suna ta zuzuta shi, sannan ya tuna. Ya kwashi iyalinsa, ya sa Baba a gaban mota.

A bakin ƙofa ma'aikata suka yi ta durƙusawa suna gaida tsohon. Shi kuwa sai lalubar hannayensu yake yi, yana gane su da murya.

Da la'asar suka tsaya a gefen tafki. Giwaye suka fito shan ruwa, jikoki suna ta ɗaukar hoto.

Baba ya karkata kai yana saurare. "Sun iso ko? Ina jin su. Duba mini, akwai mai yagaggen kunnen hagu?"

Injiniya ya duba. Ga ta nan a gaba, ko taku ashirin babu, da ɗanta a gindinta.

"Tana nan, Baba. Har da ɗa."

"Ɗa?" Tsoho ya ware idanu iya ƙarfinsa, ya juya inda ba ita take ba. Can ya sunkuyar da kai. "Allah sarki. Bara war haka da na gan shi."

Bai yi faɗa ba, bai yi Allah-ya-isa ba. Ya ce a mayar da shi mota, sanyi yake ji.

Awa uku ce kacal tafiyar. Injiniya ya tuƙa su suka koma gida.

Darasi: Abin da iyayenka suka roƙa, yi musu shi yanzu, kuma yadda suka roƙa. "Sai na samu sarari" ta cinye burin tsofaffi da yawa. Tura wa wanda nasa iyayen ke raye, ko ya farga da wuri.