Wasiƙa Mai Yagaggiyar Kusurwa

Akwai wani ɗan ƙauyenmu, Hemant, da ya samu aikin kwamfuta a Delhi, kansa ya kumbura. Har lambar waya ya canja, wai 'yan ƙauye sun cika kira. Labarinsa har yau yana ƙona mini rai.

Mahaifinsa Girdhari tsohon malamin firamare ne, kunnensa ya mutu, waya ba ta masa amfani. Duk wata sai ya cika takarda, matarsa Rukmani, mahaifiyar Hemant, ta dangwala yatsa a ƙasan takardar, ya taka har gidan waya a garin Almora.

Shi kuwa gogan ko buɗewa ba ya yi, saman firij yake jefa su.

"A wannan zamanin, wasiƙa? Na san abin da ke ciki. Saniya ta haihu, rufi na yoyo. Tsohon nan ba ya gajiya!"

Wata safiya Bimla, dattijuwar da ke masa shara, tana goge firij sai ta saki tsumma.

"Sahab, yaushe wannan ta zo?"

"Oho, ta kwana biyu. Zuba su a shara."

"A shara? Ba ka da ido ne? Dubi kusurwarta!"

An yage kusurwar ambulan. A wurinmu ko ƙaramin yaro ya san ba a yage kusurwa sai in mutuwa aka yi.

Ya buɗe wasiƙar. Rukmani ce ta rasu, kwana ashirin ke nan. Ya bi wasiƙun baya ɗaya bayan ɗaya. "Mahaifiyarka ba ta cin abinci." "Tana tambayarka." "Ka zo, ɗana." A ta ƙarshensu da ƙyar ake ganin dangwalen yatsanta.

A al'adarmu ƙona gawa ake yi, kuma ɗa ne ke sa wa gawar uwarsa wuta. Ɗan maƙwabta ne ya sa wa tata. Taron addu'ar kwana goma sha uku ma an yi an watse.

Da ya iso gida ya zube, ya kama ƙafafun tsohon.

"Babuji, ka yafe mini! Aiki ne ya..."

Girdhari ya tsaya yana kallon bakinsa na motsi. Ya shiga ɗaki, ya fito da biro da takarda, ya ajiye a gabansa.

"Ba na ji. Rubuta. Ni ina karantawa."

Darasi: Wanda ya zauna ya rubuta maka da hannunsa, zuciyarsa ya aiko maka. Raina wasiƙarsa raina shi ne, kuma wata ranar ba a maimaita ta. Ku tura wa duk wanda ya bar tsofaffi a gida.