Maigidan da Ya Zuba Kanwa a Tafkin Matarsa

Akwai wani maigida mai wadata, wanda matarsa ta kamu da ciwon shanyewar ɓarin jiki. Ƙafarta ta dama ta mutu, sai a ɗauke ta, a ajiye. Likita ya ce in tana shiga ruwa kullum tana motsa ƙafar, akwai bege za ta sake taka ƙasa. In kuwa ta daina, jijiyoyin za su sandare.

Mutumin nan yana ƙaunar matarsa, ban hana shi wannan ba. Ya sa aka gina mata tafkin iyo a bayan gida, irin mai ruwan gishiri wanda ba ya cin fata, da injinsa na tsabtace ruwa.

Da maginin ya gama, ya miƙa masa 'yan tsinkayen takarda na gwaji, da jarkar asid, da buhun farar hoda. Ya ce, "Maigida, ruwan gishiri ba ya zama wuri ɗaya. Kullum yana karkata zuwa gefen kanwa. Kowace safiya ka tsoma takardar nan, launinta zai nuna maka. In ya karkata, ɗiga asid kaɗan. Kaɗan fa. Hodar nan kuma ita ce riƙon ruwan, ita ke hana shi tangaɗi tsakanin tsami da kanwa. In ka antaya asid da yawa, zai cinye riƙon, ruwan ya zama mahaukaci."

Maigida ya ce, "Na ji." Bai ji ba.

Da farko ya riƙa gwadawa. Matar tana shiga kowace safiya, tana dafe da bakin tafkin, har yatsun ƙafarta suka fara motsi. Sai mutumin ya gaji da sunkuyo. Yakan leƙa daga taga, ya ga ruwa garau, ya ce lafiya lau. Takardun gwajin suka kwana a aljihun wata riga, aka wanke su tare da ita.

Farin ɓawo ya soma kama jikin tafkin. Matar ta ce, "Baban Talatu, ruwan nan yana sa ni ƙaiƙayi."

Ya ce, "Sabulunki ne."

Ta sake faɗa, ya yi shiru. Shi dama haka yake, magana ba ta fita bakinsa sai ranar da ta taru.

Ranar kuwa ta zo. Dattawan ikkilisiya za su zo gaishe da mara lafiya, ya fito ya tarar ruwan ya yi hazo, ko ƙasansa ba a gani. Kunya ta kama shi, kunyar ta koma fushi. Ya ɗauko jarkar asid, ya juye ta duka. Kafin baƙi su iso ruwa ya washe, yana ƙyalli. Ya zaga da su yana nuna musu, suna yabo.

Washegari ya ɗauki matarsa ya sa ta ciki. Ba ta daɗe ba ta ƙwalla ihu, "Fitar da ni! Idona! Fitar da ni!" Ya ciro ta, idanu jajur, fata ta yi rudu-rudu kamar an watsa mata barkono.

Hankalinsa ya tashi. Ya ɗanɗana ruwan, ya ji tsami. Bai nemi magini ba, bai nemi takardar gwaji ba. Sai ya tuna yadda mata ke kashe tsamin yakuwa, ya ruga madafa, ya kwaso kanwar gidan kaf, ya aika kasuwa aka ƙaro masa kwano, ya daka, ya watsa.

Matar tana kwance a inuwa da tsumma a ido. Ta ce, "Me nake ji kana dakawa?"

Ya ce, "Kanwa."

Ta ce, "Baban Talatu, tafki ne ko tukunyar miya? Ka ƙara daddawa mana, a tuƙa tuwo."

Ruwan ya koma fari kamar koko, da yashi a ƙasa. Ya sayo asid ya ƙara, ruwan ya yi tsami. Ya ƙara kanwa, ya yi kauri. Riƙon ruwan ya riga ya lalace, abu kaɗan ke jefa shi can, abu kaɗan ya dawo da shi nan. Mutumin yana ta zufa, yana zagin magini, yana zagin inji. Matar kuwa tana zaune a kujera, makonni suna wucewa, ba ta shiga ruwa.

Daga baya dole aka kira maginin, aka kwashe ruwan, aka zuba sabo. Maigida ya zo da murna ya ce, "Maman Talatu, an gyara. Zo in sa ki."

Ta kama ƙafar da hannunta mai lafiya, ta yi ƙoƙarin tanƙwasa ta. Ƙafa ta ƙi, ta sandare kamar taɓarya. Ta dube shi ta ce, "An gyara wa wa?"

To, ku saurara, ga ma'anar misalin nan. Da ku nake, maza.

Tafkin nan shi ne gidanka. Karkatar ruwan ita ce ƙananan laifofi na kullum, naka da na iyalinka, don ba gidan da ke zama daidai da kansa. Takardar gwaji ita ce ka sunkuya ka tambaya, ka kuma tsaya ka ji amsa. Riƙon ruwan shi ne haƙuri da addu'ar da kuke yi tare da safe. Ba a ganinsa, amma shi ke riƙe gida.

Kai kuwa me kake yi? Ɗanka yana karkacewa, kana gani ta taga, ka yi gum. Matarka ta yi kuka, ka ce sabulu ne. Sai ranar da aka yi magana a waje, kunya ta kama ka, ka shigo ka juye musu fushin wata shida a yini ɗaya, har da bulala. Gida ya yi tsit, ka ce ka gyara. Tsit ɗin nan ba salama ba ce, tsoro ne. Da ka ga ɓarna, sai ka sayo atamfa da tsire ka watsa musu. Wannan ita ce kanwarka. Yau duka, gobe tsire. Yara ba su san wane uba ne zai shigo ba.

Abin yana ƙona mini rai, don masu yin haka suna zaune a layin gaba ranar Lahadi, muryarsu ta fi ta kowa a waƙa. Ubangiji bai ba ka iyali don ka yi gwaji a kansu ba. Shi da kansa kowace safiya yake gyara mu, kaɗan kaɗan, da jinƙai.

Kada ka ce ai kana ƙaunarsu. Mutumin can ma yana ƙaunar matarsa. Ruwa an canja shi, ƙafa ba a canja ta. Ka tafi gida yau ka tambayi matarka inda yake mata ƙaiƙayi, tun tana iya faɗa maka.